Minti goma kowace rana: yadda za mu bi da yaranmu cikin addu'a a Lokacin Azumi

Yaron da ya tashi a gidan Katolika a Birnin Kudu ko Gwaram ya san kalmar azumi tun kafin ya shiga ajin katikisim. Ya ji maƙwabta suna tashi sahur, ya ga kasuwa ta yi sanyi da rana, ya ga ana kai kunu da ƙosai gida-gida lokacin shan ruwa, kuma abokansa a aji suna ƙirga wanda ya fi kai azumi da yawa. Don haka ranar da Fada ya sanar a coci cewa Lokacin Azumi ya shigo, tambayar da ke zuciyar yaron a fili take: mu ma za mu daina ci da sha daga asuba zuwa faɗuwar rana? In ba haka ba, namu azumi ne na gaskiya?

Tambayar ta ƙara nauyi a 'yan shekarun nan domin azumin biyu sun haɗu. A 2025 an fara Ramadan ranar 1 ga Maris, Larabar Toka ta biyo baya ranar 5 ga watan. A 2026 Larabar Toka ta faɗo 18 ga Fabrairu, a makon da aka fara Ramadan. A 2027 za ta zo 10 ga Fabrairu, wanda bisa lissafi zai kasance cikin kwanakin farko na Ramadan. Wannan koyarwa domin katikis ce, da malaman makarantar Lahadi, da iyaye, da duk wanda aka ba amanar yara 'yan firamare da ƙaramar sakandare. Abin da muke so mu nuna shi ne, azumin yaro ba a cikinsa yake farawa ba. Yana farawa ne da ɗan gajeren lokaci na addu'a da tunani, a sa'a guda da aka tsayar, kowace rana har zuwa Ista.

Abin da Ikilisiya ta ɗora wa yaro

Mu fara da doka, domin rashin saninta yana sa wasu iyaye masu kyakkyawar niyya su wahalar da 'ya'yansu. Bisa kundin dokokin Ikilisiya na 1983, ranakun azumi na dole biyu ne: Larabar Toka da Jumma'a Mai Kyau. A waɗannan ranaku babba yana cin cikakken abinci sau ɗaya, da ɗan abin taɓawa sau biyu, ba a kuma hana shan ruwa ba. Wannan ya hau kan wanda ya cika shekara 18 har ya shiga ta 60. Ƙaurace wa nama, a waɗannan ranaku da kowace Jumma'a ta Lokacin Azumi, yana farawa ne daga shekara 14. Yaro ɗan shekara tara ba ya ƙarƙashin ko ɗaya daga cikin biyun. Amma sashe na 1252, wanda ya tsayar da waɗannan shekaru, bai tsaya nan ba. Ya ɗora wa iyaye da makiyaya nauyin su koya wa ƙananan ma'anar tuba ta gaskiya. Wato an ɗauke wa yaro yunwa, mu kuma an ba mu aikin koyarwa.

Mun san akwai manya a cikinmu, da 'yan'uwa a wasu ɗariƙu, masu yin azumi daga ƙarfe shida na safe zuwa shida na yamma. Wannan zaɓinsu ne, Allah ya karɓa. Amma kada a sa yaro a ciki. Lokacin Azumi yakan fara da ƙarshen hunturu ya ƙare a tsakiyar bazara, lokacin da zafin kudancin Jigawa yakan haura awo 40, kuma shi ne lokacin sanƙarau. Yaron da ya taka zuwa makaranta ya dawo cikin wannan rana ba ruwa a cikinsa, ba tsarki ya ƙara ba, jikinsa ya cuta. In ya zo yana taƙama cewa yau bai sha ruwa ba, kada mu tafa masa. Mu ba shi ruwa, mu zauna mu yi magana.

Batun nama ma yana bukatar hankali. A gidaje da yawa na ƙauyukanmu tuwo da miyar kuka ne safe da dare, nama sai ranar biki. Ka ce wa yaron wannan gida ya bar nama ranar Jumma'a, ba ka roƙe shi komai ba. Abin da zai bari dole ya zama abin da yake da shi: alawar da yake saya a ƙofar makaranta, wasan da ke wayar mahaifiyarsa, zagin ƙanensa, ko gunagunin da yake yi in an aike shi.

Yara suna son ƙirga, don haka mu ba su kalanda su ƙirga da kansu. Daga Larabar Toka zuwa Asabar ta jajiberen Ista za su sami kwana 46. Su cire Lahadi shida, domin Lahadi ranar tashin Ubangiji ce ba ranar azumi ba, sai 40 ta rage. Daga nan labarin Musa a kan Dutsen Sina'i, da tafiyar Iliya zuwa Horeb, da kwana arba'in na Yesu a jeji za su zauna musu da kyau.

A ina, kuma da ƙarfe nawa

Littattafan koyarwa da ke zuwa mana daga waje sukan ɗauka cewa yaran suna makarantar mishan, inda ake taruwa da safe a yi addu'a kafin a shiga aji. Halinmu daban ne. Dayosis ɗin Kano, wanda Bishop John Namaza Niyiring yake jagoranta tun 2008, ya ƙunshi jihohin Kano da Jigawa gaba ɗaya, kuma a wannan yanki Kirista tsiraru ne. Yawancin yaranmu suna zama a aji ɗaya da 'ya'yan maƙwabta Musulmi, ba kuma za mu sa ran makarantar ta tsara musu addu'ar Katolika ba. Akwai ƙauyukan da Fada ba ya samun zuwa kowace Lahadi. Ga kuma abin da ya faru a 2025, lokacin da jihohin Kano, Bauchi, Katsina da Kebbi suka rufe makarantu saboda Ramadan, har bishop-bishop ɗin Katolika na ƙasa suka nuna damuwarsu a fili. Biyu daga cikin jihohin nan maƙwabtanmu ne na kusa. Darasin da ke ciki gare mu shi ne, addu'ar da ta dogara ga ƙararrawar makaranta tana iya tsayawa ba zato. Wadda za ta ɗore ita ce wadda za a iya yi a tsakar gida, a kan tabarma, ko a inuwar darbejiya a harabar coci, ko da uwa ce kaɗai take bi da ita.

Lokaci mafi muni shi ne da zarar an tashi daga makaranta, yara sun gaji, yunwa tana cinsu. Mafi kyau shi ne da yamma in rana ta yi sanyi, bayan an ɗebo ruwa an gama aikin gida, a gama kafin duhu domin 'yan mata su koma gida da haske. Kiran sallar la'asar ya ishe mu agogo, kowa yana jinsa. Duk lokacin da aka zaɓa, a riƙe shi. Ba a bukatar lasifika.

Yadda minti goman za su tafi

Tun wajen shekara ta 400, wani dikin na birnin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya kai kuka wurin Waliyyi Agustin cewa koyarwarsa tana gundurar masu sauraro, har shi kansa tana gundurarsa. Agustin, bishop ɗin Hippo a Aljeriya ta yau, ya amsa masa da ɗan littafi. Cikin shawarwarinsa akwai cewa in mai sauraro ya fara hamma a ba shi wurin zama, a faɗi abin da zai farkar da shi, a gajarta magana, mai koyarwa kuma ya yi aikin da fara'a. Bishop ɗinmu na Kano ɗan ƙungiyar Waliyyi Agustin ne, don haka shawarar ta gida ce. Minti goma sun isa. Katikis ɗin da ya mai da su minti arba'in na wa'azi zai sami yara ashirin a makon farko, biyar a mako na uku.

A shimfiɗa ɗan ƙyalle mai launin shunayya, launin da Fada yake sawa a wannan lokaci, a ɗora gicciye da Littafi Mai Tsarki. A fara da alamar gicciye a hankali, ba irin ta mai korar ƙuda ba. Sai karatu, gajere, aya huɗu ko biyar, ko kuwa malami ya ba da labarin da bakinsa cikin Hausa mai sauƙi. A cikin yaranmu akwai 'ya'yan manoman yankin, akwai 'ya'yan 'yan kasuwa da na ma'aikata, irin na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, waɗanda iyayensu suka zo daga wasu jihohi. Hausa ce ta haɗa su, amma yana da kyau wata rana a bar kowa ya faɗi Addu'ar Ubangiji da harshen gidansu.

Bayan karatu sai shiru, kuma a nan ne yawancinmu muke gaggawa. Muna jin tsoron shiru domin muna ganin yara za su fara dariya. Za su yi, a rana ta farko da ta biyu. A bar su, kada a daka tsawa. A fara da rabin minti, a ce su rufe ido su sa kansu cikin labarin: ina kake tsaye, me kake gani, wa ke kusa da kai? Kafin mako biyu za su iya minti guda cur, wasu ma ba za su so a katse ba. Yaron da ke kwana ɗaki ɗaya da 'yan'uwa biyar, ya wuni a aji mai cunkoso, mai yiwuwa wannan minti ɗaya ne kawai shirun da zai samu a yininsa. A cikinsa ne zai fara gane cewa addu'a ba haddar kalmomi kaɗai ba ce, akwai sauraro a ciki.

Sai tambaya ɗaya, ba uku ba, kuma ba irin ta jarrabawa ba. "Kwana nawa Yesu ya yi a jeji?" tambayar aji ce, yaro ɗaya mai kaifin ƙwaƙwalwa zai amsa, saura su yi zuru. "Wane abu ne ka san ba shi da kyau amma yana jan ka kullum?" tambayar addu'a ce, kowa yana da amsarta. Ba dole a amsa da ƙarfi ba, kada kuma a tilasta wa yaro ya tona laifinsa a gaban 'yan'uwansa. Furta zunubi yana da wurinsa a gaban Fada, cikin sirri. Daga nan yara biyu ko uku su kawo roƙo da kalmominsu, a rufe da Addu'ar Ubangiji, kowa ya tashi da abu ɗaya da zai yi kafin gobe.

A saurari roƙon yaran da kunnen basira. Yarinyar da kullum take roƙo kada Baba ya dawo da fushi, ko yaron da yake roƙon a sami abinci a gida, suna faɗa mana wani abu. Kada a yi musu tambaya a gaban taro. A bi sawu a hankali, a sanar da Fada, kuma babba kada ya keɓe da yaro shi kaɗai a ɗaki.

Abin karantawa

Ba sai mun nemo sabon nassi kowace rana ba. Bisharar Lahadi ta ishi mako guda, in aka gutsura ta kaɗan-kaɗan. Lahadi ta farko kullum jarabtar Yesu ce a jeji, ta biyu kuma sākewar kamanninsa a kan dutse. Sauran suna juyawa cikin shekara uku. A 2025 an karanta itacen ɓaure marar 'ya'ya, da ɗa almubazzari, da matar da aka kama da zina. A 2026 mace Basamariya ce a bakin rijiya, da wanda aka haifa makaho, da tashin Li'azaru.

Mu ɗauki Basamariyar, Yohanna sura 4. Babu yaron Gwaram da zai bukaci a fassara masa rijiya, ko guga, ko nauyin tulu. Ranar Litinin a tsaya a kan abu guda: da tsakar rana ta zo, ita kaɗai. Yaran sun san mata ba su zuwa ɗiban ruwa a wannan sa'a sai da dalili. Wa ake ƙi a ajinku, har yake cin abincinsa shi kaɗai? Ranar Talata: Yesu ya gaji, yana jin ƙishi, shi ne ya fara roƙo, kuma wurin wadda mutanensa ba su shan ruwa a moɗa ɗaya da nata. Ranar Laraba: ya san duk tarihinta, bai kunyata ta ba. Ranar Alhamis: ta bar tulunta ta ruga gari. Labari ɗaya ke nan ya ciyar da kwana huɗu, ba a ƙare shi ba. Haka labarin ɗa almubazzari a Luka 15. Yara sukan ga kansu a ƙanen da sauri, amma a ba wan nasa rana guda shi ma, domin duk ɗan fari da ke wanke-wanke yana kallon ana lallashin auta ya san abin da ke cin wannan mutum.

Akwai karatu ɗaya da ke bukatar taka-tsantsan na musamman a wurinmu, shi ne na Larabar Toka, Matiyu sura 6, inda Yesu ya yi gargaɗi a kan masu sadaka da addu'a da azumi don mutane su gani. Ba wuya wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, ai kamar su wane ke nan. A tsayar da wannan nan take, cikin natsuwa. Yesu da almajiransa yake magana, da mu yake. Babban Taron Batikan na Biyu, a 1965, ya bayyana cewa Ikilisiya tana duban Musulmi da girmamawa, ya kuma ambaci addu'a da sadaka da azumi a cikin hanyoyin da suke bauta wa Allah. Yaronmu ya koyi kada ya ci awararsa a gaban abokin da ke azumi, ya iya cewa barka da shan ruwa, ya karɓi kunun da aka aiko da godiya, ran Ista kuma shi za a aika da kwanon shinkafa gidan maƙwabta. In an tambaye shi azumi nawa ya kai, a ba shi amsar da zai faɗa ba kunya ba faɗa: namu kwana arba'in ne kafin Ista, manya suna rage abinci, mu yara muna addu'a kullum, muna barin wani abu, muna taimakon mabukata.

Toka a goshi kuma alama ce, ba doka ba. Yaron da ya je makaranta da ita ya yi daidai. Wanda ya ji tsoron tsokana ya wanke bai yi zunubi ba, kada a mai da shi abin misali.

Sadaka da ranar Jumma'a

Ranar Jumma'a ta farko bayan Larabar Toka ana karanta Ishaya 58, inda annabin ya haɗa azumin da Allah yake so da ciyar da mayunwaci da suturta marar tufa. A sayo asusu na ƙasa a kasuwa, ɗaya domin dukan ajin, kuɗin alawar da aka bari ya shiga ciki ba tare da an kira sunan wanda ya sa ba. Yaron da ba a ba shi kuɗin tara ba yana da ƙarfinsa: ya ɗebo wa tsohuwar unguwa ruwa, ya share ƙofar gidan marar lafiya, ya miƙa wa almajirin da ke bakin ƙofa abinci da hannu biyu, ba ya tura masa kwano da ƙafa ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Ranar Jumma'a ana tashi makaranta da wuri, don haka akwai sarari domin Hanyar Gicciye in rana ta yi sanyi. Tashoshinta 14 ne, adadin da Paparoma Kilemen na 12 ya tabbatar a 1731. Ga ƙananan yara sha huɗu a tsaye ya yi yawa. A ɗauki uku ko huɗu kowane mako, su zana hotunan da kansu a takarda, su karɓi gicciyen bi da bi. Kada a cika su da bayanin jini da ƙusoshi har su kasa barci. Saminu Bakurane, wanda aka tilasta wa ɗaukar kayan da ba nasa ba, ya fi kusa da rayuwarsu. In wani ya tambaya a wace aya Beronika ta share fuskar Yesu, a gaya masa gaskiya: ba ta cikin Bishara, daga al'adar Ikilisiya ta zo, haka ma faɗuwar Yesu sau uku. Yaro yana da abokai a wasu coci-coci, gara ya ji wannan daga bakinmu.

Wajen mako na uku za a ga yara sun ragu, domin jarrabawar zango na biyu ta matso, zafi kuma ya tsananta. Ba a yi wa waɗanda suka zo faɗa saboda waɗanda ba su zo ba. Wanda ya ɓace kwana huɗu ya dawo, a matsa masa wuri a tabarma. Lahadi ta huɗu Ikilisiya da kanta takan sassauta, har Fada yana iya sa riga ruwan hoda, don haka a wannan mako a ƙara waƙa, a rage magana.

Mako Mai Tsarki sau da yawa yakan faɗo cikin hutu, wasu iyalai kuma sukan tafi garuruwansu. Kafin su watse, a rubuta wa kowane yaro nassoshin kwanakin a 'yar takarda ya kai wa mahaifiyarsa. Waɗanda suka rage su adana ganyen da aka sa wa albarka ran Lahadin Ganye, domin shi za a ƙona a sami tokar baɗi, kuma su za a aika su tattaro shi gida-gida in lokacin ya yi. Asusun kuwa a fasa shi ranar Alhamis Mai Tsarki da rana, yaran su ƙirga, su shawarta da katikis wa za a ba. Da yamma, a Misar Jibin Ubangiji, inda tsarin sujada ya ba da damar a kawo kyautai domin matalauta, biyu daga cikinsu su ɗauki kuɗin ko kwanon hatsin da aka saya da shi su kai gaban bagade.